"Ni Fa Gida Zan Koma"

Duk mai zaman majalisa a Kano cikin 'yan shekarun nan ya san wannan magana. Ana tsaka da hirar tsadar masara, ko ta mai gidan haya da ya turo dillali da sabon farashi, sai wani ya ja dogon numfashi ya ce, "Ni fa gida zan koma." A da dariya ake yi, don kowa ya san mai maganar ko da sallah ba ya iya kwana uku a garinsu. Yanzu an daina dariyar. Sai majalisa ta yi tsit, can wani ya ce, "Wallahi da ka huta." Wani kuma daga gefe ya ce, "Ka koma ka ci me?" Dukansu biyu suna da gaskiya, na kuma san haka ne don ni na yi komawar. Na kwashe iyalina daga Kurna na mayar da su garinmu, hedikwatar wata ƙaramar hukuma mai tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Kano, damina biyu ke nan. Tun daga lokacin, duk abokin da haya ta matsa wa sai ya kira ni ya ce, "Malam, gaya mini tsakani da Allah, akwai riba?"

Nakan fara da cewa a raba ƙauye da ƙaramin gari, don mutumin birni duk abin da ya wuce Dawanau ko Mariri ƙauye ne a wurinsa. Garuruwan da nake nufi su ne irin Bichi da Wudil da Dambatta da Rano, ko Kazaure da Gumel, ko Malumfashi da Dutsin-Ma: akwai hakimi ko sarki, akwai sakatariya, akwai kasuwar mako, kwalta ta ratsa. Da yawansu tsofaffin garuruwa ne, amma kamanninsu na yau gwamnati ce ta ba su. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo sakatariya da albashi. Ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ya mayar da Dutse babban birni, a 2011 kuma ta samu jami'ar tarayya, shekarar da Dutsin-Ma ta samu tata. Wudil na da jami'ar kimiyya da fasaha da makarantar horar da 'yan sanda, Bichi na da kwalejin ilimi ta tarayya, Dambatta na da kwalejin aikin gona ta Audu Bako. Garin da ke da ɗalibai da malamai masu albashi, kuɗi na juyawa a cikinsa ko da rani. Wanda ba shi da su, sai ya jira kaka.

Ba son karkara ne ya taso wa mutane farat ɗaya ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Birni kuwa da mai yake numfashi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ne ƙafar talaka, kuma magidancin da ke kwana a Rijiyar Lemo, aikinsa a Bompai, 'ya'yansa uku na makaranta a wata unguwar, kafin a ɗora tukunya ya zubar da kuɗin cefane a kan titi. Ruwan famfo ya daɗe da zama labari a unguwanni da yawa, sai 'yan garuwa. Ga haya ta shekara da ake so dunƙule. Mutum ya duba duk wannan, ya tuna da garinsu, ai dole zuciya ta raya masa.

Sauƙin kuma na gaskiya ne. Kuɗin da nake biya na ɗaki biyu da falo a lungun da mota ba ta shiga, a nan ya kama mini gida sukutum mai tsakar gida da rijiya da inuwar dogon yaro, har da canji. Yarana da ƙafa suke zuwa makaranta, ni ma da ƙafa nake zuwa kasuwa da masallacin Juma'a. Gero da wake daga hannun wanda ya noma su nake saye, kafin su bi ta hannun dillali da mai mota da ɗan dako. In kana da ɗan abin hannu da kaka, ka sayi buhunan shekara ka jibge, ka sauke rabin fargabar magidanci.

Sai dai arahar a kan abin da ƙasa ta fitar ta tsaya. Duk abin da ya fito daga kamfani, sukari ne, taliya ce, man girki, siminti, kwanon rufi, maganin hawan jini, daga kasuwar Singa ko ta Sabon Gari a Kano aka ɗauko shi, kai ne kuma za ka biya kuɗin motarsa. Banki ɗaya ne a garuruwa da yawa, wasu ma babu, albashinka ta hannun mai POS yake fitowa, ya yanki nasa. Wuta kuwa, tun da aka kasa layuka rukuni-rukuni, a 2024 aka tsauwala wa rukunin farko farashi bisa alƙawarin awa 20 a rana, ƙaramin gari ya san a wutsiyar waya yake. Taransifoma ta ƙone, a yi wata da watanni ana karo-karo. Sola ce ta rufa asiri, ita ma sai ka zuba kuɗi masu kauri da fari. Sannan akwai kuɗin da ba wanda yake tunawa da shi, na komawa birnin da ka bari: biki, ta'aziyya, ganin likita, neman kayan gyaran mota. A watannin farko na zauna na ƙirga, sai na tarar abin da na tsira da shi daga adaidaita sahu, kusan rabinsa na miƙa wa direbobin tasha.

Duk wannan ƙaramin lissafi ne. Babban shi ne tambayar mutumin gefen majalisa: ka koma ka ci me? A nan mutane suke yaudarar kansu, su auna abin da za su daina kashewa, su manta da abin da za su daina samu. Kuɗi a ƙaramin gari ta ƙofa uku yake shigowa: albashin ƙarshen wata, amfanin gona da kaka, sai ranar kasuwa. Je ka Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ka ga shanu da tireloli da jama'a ba masaka tsinke. Koma washegari da hantsi ka ga rumfuna wayam, awaki na kiwo a inda aka yi cinikin miliyoyi. Haka kuɗin garin yake, kamar ruwan kwari, ya zo da ƙarfi ya wuce. Kafin ya sake zuwa kuwa, bashi ke riƙe da kowa.

Na ga wani tela da ya baro Fagge da kekunansa uku. Gwani ne, ba a magana. A birni mako ba ya wucewa bai karɓi ɗinkin biki ba. A nan ya tarar mutum sau biyu yake ɗinki a shekara, ƙaramar sallah da babba, wanda ya kawo ɗinkin kuma ɗan gwaggonsa ne, ko surukin wansa, ko wanda suka yi makarantar allo tare. Yaya za ka riƙe rigar sallar ɗan gwaggonka don cikon kuɗi? "Ka bari sai an yi albashi." "Ka bari sai an cire gyaɗa." Kafin shekara ta zagayo jarinsa ya koma littafin bashi, ya sayar da keke ɗaya, yanzu kwana huɗu yake yi a Kano kowane mako yana ɗinki a shagon wani. Bai yi lalaci ba. Garin ne ba shi da cinikin da zai ɗauki gwanintarsa.

Wanda komawa take yi wa kyau shi ne wanda samunsa yake biyo shi. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ya samu canjin wurin aiki, albashi na nan, kashewa ta ragu. Ɗan fansho haka, muddin fanshon na zuwa. Mai aiki ta intanet, rubutu ne ko fassara ko zane, in ya tabbatar akwai sabis a cikin gidan da zai zauna, ba a bakin titi kawai ba. Sai wanda ya zo da sana'ar da garin ke nema bai samu ba, kuma a nan nake jin takaicin yadda matasanmu ke barin dama tana wucewa: injin casar shinkafa, matsar man gyaɗa, sayar da iri mai kyau da maganin feshi, haɗa sola, gyaran injin ban-ruwa, ɗakunan hayar ɗalibai. A birni kai ne na ɗari a layin masu irin sana'arka. A nan wataƙila kai ne na biyu.

Noma kam a yi hattara da mafarkinsa. Gonar kaka da mutum yake tunawa daga ofis an riga an raba ta gado, rabonsa bai fi na kuɓewa ba, ko kuma wani ɗan'uwa ya shekara goma sha biyar yana nomanta, ranar da ka ce a ba ka ranar zumunci zai fara tsami. Taki da maganin ciyawa da 'yan ƙodago duk da tsabar kuɗi ake biyansu tun ba a ga zangarniya ba. Inda akwai ruwa, kamar Kura da Bunkure da Garun Malam masu shan dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, ko fadamun Haɗejiya, noman rani sana'a ce ta gaske. Amma can ma za ka ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan ba mai tayawa, ko ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta shanye shinkafa ana gab da yanka. A 2025 hatsi ya karye warwas alhali taki na nan da tsadarsa; mai albashi ya ji daɗi, manomi da mai ajiya suka kwana da ciwon kai. Mai sayen gona ko fili kuma kada ya tsaya a kan "ai kowa ya san tawa ce." A tara magada duka, a kira maƙwabtan iyaka, mai unguwa da dagaci su sa hannu, sannan a nemi takardar hukuma.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ban yi nadama ba, wanda kuma shi ne yake hana ni barci wani lokaci, wato mutane.

Mako na biyu da dawowarmu, ƙaramin ɗana mai shekara huɗu ya sulale ya fita bayan la'asar. Da a Kurna ne, da tuni uwarsa ta fita ba mayafi, an kai cigiya masallaci da gidan rediyo. Muna cikin dube-dube sai ga wani dattijo mai sayar da rake ya riƙo hannunsa, yaron na tsotsar gutsure. Ya ce, "Wajen tasha na gan shi. Ban san sunansa ba, amma da na dubi goshin nan na ce wannan jikan marigayi Malam ne." Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya koma kan rakensa. Ranar na gane abin da na shekara ashirin ina rashi ban sani ba. Yaro a nan na kowa ne. In ya yi ba daidai ba a bakin kasuwa, kafin ya iso gida wani ya riga ya ja masa kunne. Ina fita sallar asuba da waya a aljihu ba na waiwaye. In aka yi rasuwa gari ne ke tashi, masu haƙa kabari ba sa jiran a kira su.

Amma idon da ya gane ɗanka a tasha, shi ne yake ƙirga ledar da ka shiga da ita gida. Wanda ya dawo daga birni mai kuɗi ne a idon gari, ko da haya ce ta koro shi. Da sassafe za ka ji sallama: wannan da takardar magani, wancan an yi masa haihuwa ba ragon suna, wata gwaggo jikarta za ta tare ba katifa. Ba ƙarya suke ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Buƙatar ta gaskiya ce, kana kuma ganinta da idonka. Kana birni ka aiko da abin da ya sauwaƙa a yi maka godiya. Kana gida ka ba mutum tara ka hana na goma, labarin na goman ne zai zaga gari. Na san waɗanda wannan nauyi kaɗai ya mayar da su birni. Dole mutum ya ware abin da zai iya tun farkon wata, ya koyi cewa "babu" da sakin fuska, ya kuma yarda za a yi maganarsa ko ya yi ko bai yi ba. Wanda ya zaɓi garin da ba nasa ba ya tsira daga wannan, amma baƙunta a ƙaramin gari tana da tsawon rai. Sai ka ji ana ce wa mutum Bazazzagi bayan ya aurar da 'ya'ya a garin.

Akwai kuma wadda ba a cika tambaya ba. Mu maza a majalisa muke yanke shawarar ƙaura, mu zo gida mu sanar. Wani dare, bayan mun yi wata shida, maiɗakina ta ce da ni, "Malam, kai gida ka dawo. Ni gida na bari." Na rasa abin cewa. A Kano tana sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗaki, masu sayenta matan unguwa ne da na Islamiyyarsu, adaidaita ɗaya ya kai ta Kwari ta saro kaya, ɗaya ya kai ta wurin mahaifiyarta. A nan ta faɗo tsakiyar dangin miji, kowace fita sai an san inda ta je, matan garin kuma ba su da kuɗin irin kayanta sai biya kaɗan-kaɗan. Ni na samu majalisar abokan ƙuruciya, ita ta rasa tata. Ta daure, ta sauya kayan sana'a, ta yi ƙawaye a makarantar matan aure, amma ba zan ce ta mayar da abin da ta rasa ba. Magidancin da bai zaunar da matarsa da 'yan matansa an yi wannan lissafi tare ba, ya sani su ne za su biya kuɗin hutunsa.

Makaranta ba zan daɗe a kanta ba. Allo da Islamiyya a nan sun fi natsuwa a ganina, kuma kada a manta makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, da suka yaye wa Kano likitoci da injiniyoyi, a ƙananan garuruwa aka dasa su. Matsalar zaɓi ne. Makarantar kuɗi biyu ce ko uku, malamin lissafi in ya tafi sai a yi zango guda ba madadinsa. Uban da zai zauna da 'ya'yansa da daddare zai iya cike giɓin, lokacin yin hakan kuwa sai a nan na same shi.

Abin da ba shi da madadi shi ne asibiti.

Cikin daminar bara, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙanena ya buga mini ƙofa. "Yaya, fito, jini ya ɓalle mata." Matarsa ce ke naƙuda tun magariba. Muka kai ta asibitin garin. Ma'aikaciyar jinya ɗaya muka tarar, da fitilar waya a baki take neman jijiya, kuma wallahi ta yi iyakar ƙoƙarinta. Likita ɗaya ne a asibitin gaba ɗaya, ranar ba ya gari. Babu jini a ajiye, babu mai yin tiyata. Ta ɗaura ruwa ta ce, "Ku wuce Kano yanzu, kada ku tsaya." Motata ba isasshen mai, gidajen mai sun rufe. Kafin in gama juyayi, maƙwabcinmu direba ya fito da motarsa ba wanda ya tashe shi. Wani ya buga wa ɗan bumburutu ƙofa, ya kawo galan biyu ya ce a yi maganar kuɗi gobe. Samari biyar na unguwa suka cika wata motar suka biyo mu don a ɗebi jininsu. Ana ruwa, hanya duk ramuka, tafiyar awa ɗaya ta koma kusan biyu. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Yaron bai zo da rai ba.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina. Shekarun da na yi a Kano ban taɓa samun maƙwabtan da za su bi ni da jininsu cikin ruwan sama ba tare da an roƙe su ba. A Kano kuma da minti ashirin mun isa inda za a yi mata aiki. Mutanen garinmu sun ba da duk abin da suke da shi, sai dai abin da ake nema a daren ba a hannunsu yake ba. Akwai garuruwan da suka yi sa'a: Birnin Kudu na da cibiyar lafiya ta tarayya, Jahun na da sashen haihuwa da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna tallafawa, Dutse na da asibitin Rasheed Shekoni. Amma mai wankin ƙoda, da mai sikila, da mace mai wahalar haihuwa, da tsoho mai hawan jini, su auna nisansu da babban asibiti da tafiyar dare, ba ta rana ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu burin komawa gida sai sun yi ritaya suke komawa, daidai shekarun da jiki ya fara neman likita. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Da za a bi shi da gaskiya, kuɗin ya sauka a ɗakin shan magani da rijiya da aji, da an share wa garuruwan nan hawaye mai yawa.

Sai tsaro, wanda ya raba ƙasar Hausa gida biyu a kan wannan tambaya. Mutumin Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020, ko na Jangebe, inda aka ɗauke 'yan mata 279 a Fabrairun 2021, ko na Birnin Gwari ko Sabon Birni, ba ya tambayar ko akwai riba a komawa gida. Da yawansu gidan ne ya koro su, suna raɓe a Katsina ko Gusau ko Kano, wasu sun tsallaka Maraɗi. A 2021 har rufe layukan waya da kasuwannin mako aka yi a Zamfara da wasu sassan Katsina. A irin waɗannan wurare, wanda ya dawo daga birni ya yi gida mai fenti ya ajiye mota, ya kai kansa ne bakin masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Jigawa da mafi yawan Kano Allah ya rufa asiri, ko da yake abin ya fara lasar ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Kada mutum ya tambayi dillalin fili halin da gari ke ciki. Ya tambayi direbobin tasha ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, ya tambayi manoma ko ana noma gonakin nesa, ya bincika ko hakimi da ciyaman a garin suke kwana.

Wanda bashi ya koro, ba sana'a a hannu, yana zaton gida zai ciyar da shi, nakan ba shi haƙuri in ce ya nemi unguwa mai sauƙi a gefen birni, domin talaucin da ka lulluɓe a birni a gida tsirara yake. Wanda ke da samun da zai biyo shi, da sauran ƙarfi a jika, da matar da ta yarda da bakinta ba don kunya ba, shi kam ina ganin cutar kansa yake da zaman lungu. Amma kada ya sayar da komai, kada ya fara da gini. Ya kama haya ya ga rani ya ga damina, don garin da ka sani da sallah, kowa na murna da zuwanka, ba shi ne garin watan Agusta ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kwantar da yara. Kakanninmu masu cirani damina suke yi a gona, rani a birni. Yanzu juya abin ake yi, iyali a gari, maigida ya shiga Kano Litinin ya dawo Alhamis, kamar telan nan. Yana da nasa ciwon, amma gida biyu maganin gobara. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya kammala, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, irin wannan zama zai yi wa garuruwan kan hanyarsa sauƙi ƙwarai.

Makon jiya wani abokina da muka yi zaman Kurna tare ya zo duba gida. Na ce kada ya zo ranar kasuwa, kuma ya taho da maiɗakinsa. Asibiti muka fara zuwa, ya tambayi likita nawa ne, wa ke kwana. Daga nan makarantar yara. Sannan ya tsaya a tsakar gidan da za a ba shi, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Matan kuwa suna ɗaki, ƙofa a rufe, sun fi awa biyu. Da za su tafi na raka su tasha, na ce, "To, Alhaji, yaya ka gani?" Ya dubi matarsa da ta riga ta shiga mota, ya ce, "Malam, ni gidan ya yi mini. Bari mu je in ji abin da aka gaya mata."